Gidan Samfur: Rance Ɗaya, Hukumomi Biyu, Tambayoyi Daban

A gefen manyan biranen Amurka, idan kamfanin gini ya yanka fili zai zuba gidaje ɗari, ba ya jiran unguwa ta tsaya kafin ya fara ciniki. Gida ɗaya ko biyu yake fara kammalawa a bakin titi, ya dasa ciyawa, ya jera kujeru, ya rataya labule. Garejin mota kuwa sau da yawa shi ake mayarwa ofis, da tebur da taswirar filaye a bango. Wannan shi ne gidan samfur. Ba mai kwana a ciki. Amfaninsa mai saye ya shiga ya gani da idonsa, ya ba da kafin alƙalami a kan gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba. Da wannan dabara kamfanin Levitt and Sons ya cika Levittown ta jihar New York da gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951.

Akasari da bashin banki ake gina gidan samfur, kuma duk bashin da banki ya bayar a Amurka akwai inda hukuma ke son ganinsa a rubuce. A nan kan ma'aikatan sashen bin doka ke ɗaurewa, domin gidan samfur ba a san inda ya dosa ba: siffarsa ta gidan zama, aikinsa na shago.

Dokar da ake fara dubawa ita ce HMDA, ta bayyana bayanan rancen gida, wadda majalisar Amurka ta kafa a 1975. Dalilinta sananne ne. A wancan lokaci bankuna na karɓar ajiyar mazauna unguwannin baƙaƙen fata, amma idan suka zo neman rancen gida sai a juya musu baya. Ita kanta Levittown da farko ba ta yarda baƙar fata ya zauna cikinta ba. Don haka, bayan an faɗaɗa dokar, aka wajabta wa masu ba da rance su miƙa rajista duk shekara, zuwa 1 ga Maris, ɗauke da kowace takardar nema: nawa aka nema, ina gidan yake, mai neman wane jinsi ne, nawa yake samu, an ba shi ko an hana. Tun 2011 hukumar CFPB, mai kare jama'a a harkokin kuɗi, ke riƙe da ƙa'idojin wannan doka.

Sai dai dokar ta tsame rancen wucin gadi, wato wanda aka tsara tun farko wani rance mai dogon zango zai maye gurbinsa. Magini kuwa ba ya sauya rance. Sayar da gidan yake ya biya banki. An daɗe ana ja-in-ja a kan ko rancensa na wucin gadi ne, har CFPB ta raba gardama da gyaran 2017, wanda ya fara aiki a Janairun 2018: rancen gini zalla da aka bai wa mutum don kawai ya gina gidan sayarwa ba ya shiga rajista. To, gidan samfur fa, da zai yi shekara biyu ko uku ana shawagi cikinsa kafin a saka shi kasuwa? A ganina hujjar tsame shi ta fi ƙarfi, tunda ƙarshensa sayarwa ne. Ko an kafe cewa ofis ne, ƙa'idar ta ce ginin da aka keɓe wa kasuwanci kaɗai ba gidan zama ba ne, nan ma ya fita. Inda lissafi ke canjawa shi ne idan magini ya sayar wa mai zuba jari gidan, sannan ya karɓe shi haya ya ci gaba da nuni, abin da manyan kamfanoni ke yi don kuɗinsu ya dawo hannu. Rancen da wannan mai jari ya ci na sayen gida ne, kuma sunan kasuwanci ba ya fitar da irinsa daga rajista.

Tsame rancen magini daga HMDA bai yi mini ciwo ba. Dokar na neman wanda aka zalunta ne a bakin kanta, kamfanin gini kuwa ba shi aka yi ta dominsa ba.

Rahoton da ya fi dacewa da wannan rance shi ne wanda kowane banki ke aika wa masu sa ido duk wata uku, galibi cikin kwana 30 da ƙarewar zangon. A can rancen gini yana da gurbi biyu: na gidajen iyali ɗaya zuwa huɗu, da na sauran gine-gine da gyaran fili. Na gidan samfur yakan faɗa na farko. Tambayar a nan ta sauya: idan kasuwa ta faɗi, bankin zai tsaya da ƙafarsa? Gidan da aka riga aka yi cinikinsa, mai saye ya sa hannu ya ajiye kuɗi, ana lissafa haɗarin rancensa kashi 50 cikin ɗari in ya cika sharuɗɗa. Gidan samfur ba shi da mai saye, don haka cikakken nauyi yake ɗauka, banki ya tanadi jarin da ya ninka. Akwai kuma iyakar rance ta kashi 85 cikin ɗari na darajar gidan; abin da ya haura, sai an tattara shi an kai gaban hukumar daraktocin banki duk wata uku.

Waɗannan alƙaluma ba ado ba ne. A Disamban 2006 hukumomi suka yi gargaɗi cewa bankin da rancen gini da na fili ya kai adadin jarinsa gaba ɗaya za a sa masa ido na musamman. Gargaɗin ya zo a makare. Bankuna 140 suka durƙushe a 2009, wasu 157 a 2010, jihar Jojiya ce kan gaba a yawan waɗanda suka rufe a wancan rikici, yawancinsu ƙanana da suka zuba kuɗi a sababbin unguwannin kewayen Atlanta. An bar tituna da kwalta da fitilu, ba gidaje sai ciyawa.

Shi ya sa mai binciken banki da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan gurbin da aka saka rancen. Yakan tambayi samfur nawa aka yarda magini ya riƙe a lokaci guda, sau nawa aka sabunta wa'adin rancen, da kuma ko ƙimar da aka yi wa gidan ta haɗa da kujeru da labulen da ba za su ƙara masa ko dala ɗaya ba ranar gwanjo.