Masu Binciken Cuta da Magani

In an ce aikin lafiya, yawancin mutane likitan asibiti su ke tunawa. Amma akwai waɗansu masana da majiyyaci ba ya ganinsu, aikinsu shi ne su gano abin da ke kawo cuta da abin da zai kashe ta. Ko wannensu da fanninsa, ba kuwa mai iya aikin duka shi kaɗai. Labarin makantar kogi ya isa misali.

Wata irin tsutsa ce ke kawo wannan cuta. Ta kan zauna cikin ƙulli a ƙarƙashin fata har shekara 15, tana haihuwar 'ya'ya ƙanana ƙwarai. Su ne ke sa ƙaiƙayi mai tsanani, in sun kai ido kuma su makanta mutum.

Aikin farko shi ne a san yadda tsutsar ke shiga jiki. A 1926 wani likita Bature, Donald Blacklock, ya nuna a Saliyo cewa wani ɗan baƙin ƙuda ne ke ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Ƙudan nan yana hayayyafa ne a inda ruwan kogi ke gudu da ƙarfi. Saboda haka daga 1974 masana ƙwari suka riƙa bin kogunan Afirka ta Yamma suna nuna inda za a fesa magani.

Neman maganin sha kuwa wani fanni ne dabam. Satoshi Omura mutumin Japan ne, ya taɓa koyarwa a makarantar dare kafin ya shiga cibiyar bincike ta Kitasato a 1965. Gwanintarsa ita ce renon ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ya reni dubbai, ya zaɓi kamar 50 da ya ke sa ran suna da amfani, aka aika da su kamfanin Merck a Amurka.

A can akwai William Campbell, haifaffen Ailan, masanin tsutsotsin da ke zaune cikin jikin dabbobi. Shi da abokan aikinsa suka gwada, suka ga ɗaya daga halittun nan tana fid da wani abu mai kashe tsutsa. Masu harhaɗa magunguna suka gyara shi, aka sa masa suna ivermectin, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981. Campbell ya lura maganin yana kashe wata tsutsar doki, 'yar'uwar wadda ke makanta mutane, sai ya ba da shawara a gwada shi ga ɗan Adam.

To, abin da ya yi wa doki amfani ba a ba mutum sai an tabbata ba zai cuce shi ba. Wannan aikin likita mai gwaji ne. Dakta Mohammed Aziz, mutumin Bangaladash, shi ya shugabanci gwajin farko a Dakar a 1981. Aka tarar maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar, amma ba ya kashe uwar. Shi ya sa a ke shansa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, shekaru da yawa, har uwar ta mutu don kanta. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da shi kyauta.

An ba Omura da Campbell lambar Nobel a 2015. A Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa cutar ta daina yaɗuwa a Nijar, ƙasa ta farko a Afirka. Daga binciken Blacklock zuwa ranar nan shekara 99 ke nan. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.