Ai Ba Sarki Ne Ya Mutu Ba

Ranar Asabar da ta wuce aka yi rashi a unguwarmu a nan Kornaka. Wani dattijo ne manomi, mutumin da ya fi shekara arba'in ba a rasa shi a sahun gaba da asuba. Da hantsi aka kai shi makwancinsa, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedin ƙofar gidansa. Bayan la'asar wasu baƙi suka iso daga Dakoro, suka tuɓe takalma suka zauna, liman ya ɗaga hannu. Bai kai ƙarshen Fatiha ba sai ihu ya ɓarke daga gidan kallon da ke bayan katanga, irin ihun nan da ake haɗawa da dukan kwano da tsalle kan benci. An jefa ƙwallo a raga a Ingila. Babban ɗan mamacin ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma. Ɗaya daga cikin baƙin ya karkato ya tambaye ni a hankali ko biki ake yi a maƙwabta.

Na tashi na zagaya. Mai gidan kallon yaro ne da na ci tuwon sunansa. Na ce, "Ɗana, ba ka ji an yi rasuwa ba?" Ya ce, "Na ji Baba, har da ni aka kai shi. Allah ya jiƙansa." Na ce, "To wannan ƙarar fa?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai ba sarki ne ya mutu ba. Ko a Ingila sai da sarauniya ta mutu suka tsai da wasa."

Wannan ne karo na uku da na ji maganar nan daga bakin samarinmu, kuma na gaji da ita. Na san ranar da aka haife ta. Ranar Alhamis ce, 8 ga Satumba 2022, da Sarauniya Elizabet ta Biyu ta rasu tana da shekara 96, bayan shekara 70 a kan gado. Washegari Juma'a aka sanar cewa babu wasannin Firimiya a ƙarshen makon. Masu gidajen kallo daga Maraɗi har Dakoro suka wayi gari da kuɗin Canal+ da suka biya da man injin da suka saya, babu abin nunawa. A fadar samari kuwa shayi ya yi ta hucewa ana gardama. Magoya bayan Arsenal, da ke saman tebur a lokacin, suka ce makirci ne don a kashe musu zafi. Na Liverpool, da Napoli ta lallasa da ci 4 da 1 ranar Laraba, nan take suka zama masu girmama mamaci. Na Chelsea ma haka, tunda a ranar da ta rasun ne aka ba su sabon mai horarwa, Graham Potter, suna son ya samu sararin shiri. Kowa ya auna jimaminsa da matsayin kulob ɗinsa. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage a kawunan yara shi ne wai Turawa suna da doka: in sarki ya mutu a tsai da ƙwallo, in talaka ne a ci gaba.

To babu wannan dokar. A daren da matar nan ta rasu ma an buga wasa. Arsenal tana fili tana karawa da Zurich labarin ya iso, aka yi shiru na minti ɗaya kafin a dawo daga hutun rabin lokaci, aka ƙarasa wasa. Bayan nan Manchester United ta karɓi Real Sociedad a Old Trafford, aka cinye ta 1 da nema. Takardar jagora da gwamnatin Birtaniya ta fitar a kan zaman makokin ta faɗa a fili cewa ba a tilasta wa kowa soke wasa ba, kowace hukuma ta yi abin da ta ga ya dace. Hukumomin ƙwallon ƙafa ne suka zaɓi dakatarwa da kansu, kuma ba abin mamaki ba ne, don sarauniyar ce uwar hukumar ƙwallon Ingila, jikanta Yarima Wiliyam kuma shi ne shugabanta a lokacin. Masu wasan kurket sun huta ranar Juma'a kawai, ranar Asabar Ingila da Afirka ta Kudu suka koma fili a Landan, jama'a cike. Masu zari-ruga ma sun yi wasanninsu. Ba a ce ɗayansu ya raina gidan sarauta ba.

Wanda zai ce ai tsohuwar al'adarsu ce, sai ya koma shekarar 1952. Mahaifin wannan sarauniyar, Sarki Joji na Shida, ya rasu ranar Laraba 6 ga Fabrairu. Ranar Asabar ɗin makon aka buga wasannin lig, 'yan wasa ɗaure da baƙin ƙyalle a damtse. Wasannin da aka ɗage a mako na biyu bayan rasuwar sarauniyar kuwa, irin Chelsea da Liverpool ko United da Leeds, ƙarancin 'yan sanda ne ya jawo, don an kwashe su zuwa Landan tsaron jana'izar da aka yi ranar 19 ga Satumba. Dalili ɗaya ne ya ɗage wasan Arsenal da PSV, wanda shi kuma ya ture karonsu da Manchester City daga Oktoba zuwa Fabrairun 2023, inda City ta ci 3 da 1. Har yau akwai 'yan Arsenal a garin nan da ke ɗora wa marigayiyar laifin kofin da ya suɓuce musu.

Su kansu Ingilawan ba su yarda da juna ba. Ƙungiyar magoya bayan ƙwallo ta ƙasar ta ce an yi asarar damar da jama'a za su taru su yi bankwana a fili ɗaya. Iyaye sun yi ƙorafi don har wasan yara na unguwa aka hana. Masu sayar da abinci a bakin fili da masu gadin ƙofa, waɗanda sai an yi wasa ake biyansu, sun kwana ba ko sisi. Abin da masu shi ke jayayya a kai, yaronmu ya ɗauko ya mai da shi hujjar da ba a musu.

Rabin maganar na biyu ya fi ba ni haushi, wato wai ƙwallo ba ta tsayawa don talaka. Ranar 15 ga Afrilu 1989 aka yi turmutsutsu a filin Hilsbora da ke Shefild, wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97. Babu sarki a cikinsu, babu ɗan sarki, leburori ne da 'yan makaranta da mata. Kulob ɗin ya yi shekaru yana ƙin buga wasa a wannan rana. A 2014, da abin ya cika shekara 25, an jinkirta fara wasannin ƙarshen makon da minti bakwai don tunawa da su. A Oktoban 2021 ana tsakar wasan Newcastle da Tottenham wani ɗan kallo ya yanke jiki ya faɗi a kan benci, 'yan wasa da kansu suka ja hankalin alƙali, aka tsai da wasa har likitoci suka ceto shi. Da yawa cikin samarinmu sun ga wannan da idonsu a tele. Wanda ke son kwaikwayon Turawa, ga abin kwaikwayo nan.

Mu dawo gida. Da tsohon shugaba Tandja Mamadou ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 2020, Nijar ta yi makokin kwana uku. Kwana ukun nan dai aka yi wa sojoji 71 da aka kashe a Inates a Disamban 2019, 'ya'yan talakawa mafi yawansu. Sarkin Kano Ado Bayero, wanda ya yi shekara hamsin yana sarauta, ya rasu ranar Juma'a 6 ga Yuni 2014, a ranar aka binne shi, kamar yadda aka binne dattijon unguwarmu. Sarki Abdullah na Saudiyya ya rasu a Janairun 2015, aka sa shi a kabarin da ba suna a maƙabartar Al-Ud ta Riyad tun kafin rana ta faɗi, ba a ko sassauto da tuta ba saboda kalmar shahada da ke jikinta. Likkafanin sarki da na manomi yadi ɗaya ne. Haddin makoki kwana uku ne ga kowa, in ban da matar da mijinta ya rasu, mai takabar wata huɗu da kwana goma. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, da aka tuna masa ko wane ne sai ya nuna cewa ai rai ne. In an miƙe wa wannan, mutumin da kuka yi shekara ashirin kuna ɗibar ruwa a rijiya ɗaya bai cancanci a rage masa ƙarar lasifika ba?

Akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, masu son a rufe gari kwana arba'in in babba ya rasu, har su riƙa ƙirga wanda ya kunna rediyo. Wannan ma ba addini ba ne, neman suna ne a wurin magada.

Ni ban ce a rufe gidan kallo ba. Na san lissafin yaron nan. Duk wata zai biya kuɗin tasha, ya sayi mai ko ya gyara batirin sola, mai shiga kuma dala ashirin yake bayarwa, wani ma sai an bi shi bashi. Ranar babban wasa ita ce ranar kasuwarsa, da ita yake ciyar da mahaifiyarsa. Abin da nake nema ba wata babbar asara ba ce. In an yi rasuwa a inda ƙararka ke kaiwa, ka cire babbar lasifikar nan da kake ratayewa a waje don kiran jama'a, ka bar muryar tele kaɗai. Masu kallo sun san lokacin wasa, ba sai an yi musu shela ba. Kafin a take, ka tsaya a gaba ka ce, "Jama'a, an yi rashi a gidan wane, don Allah a kama baki." Na rantse kashi tara cikin goma za su ji, don ba mugunta ke sa su ihu ba, mantuwa ce. Na goman, mai dukan kwano, ka mayar masa da dala ashirin ɗinsa ya tafi wata unguwa. Injin wuta in mai ƙara ne, a ja shi bayan ɗaki, nesa da katangar masu makoki. Ka kuma san lokutan da ake cika a wurin gaisuwa, wato bayan la'asar da bayan magariba, ka sa yaro ɗaya ya riƙa leƙawa, in an ɗaga hannu ana addu'a a kashe murya gaba ɗaya. Addu'a ba ta kai minti uku, ba a kuma kallon ƙwallo da kunne.

Mafi kyau duka, ka je da ƙafarka tun da safe ka durƙusa gaban babban gidan. Ka yi gaisuwa, ka ce, "Baba, yau akwai wasa, mutane za su taru, amma zan tsare muku." Ban taɓa ganin mai makokin da aka yi wa haka ya ce a'a ba. Abin da ke ƙona rai shi ne a nuna ba a ma san kana cikin wani hali ba.

Ku kuma 'yan fada, mai jar riga da mai shuɗiya, ku fara biyawa ta wurin tabarmar kafin ku shiga kallo. Ku zauna ko na minti biyar ne, ku ce ya haƙuri, ku shafa Fatiha. In gidan ba masu ƙarfi ba ne, jarkar ruwa biyu a kan kabu-kabu ta fi musu dogon jawabi, don baƙi na zuwa, mata na ɗaki ba mai zuwa famfo. Kai wa gidan mamaci abinci sunna ce tun rasuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib. In kulob ɗinku ya ci, murnar ta tsaya a cikin rumfa. Jerin baburan nan da ake yi ana matsa oda ana zuƙar mai, a canza masa hanya, garin ba lungu ɗaya gare shi ba.

Masu shirya gasar hutun damina ta unguwanni su ma su ji. Tun ranar da kuke zana jadawali ku bar kwana biyu ko uku a sake, don mutuwa ba ta duba takardarku. In ɗan wasa ya rasa uwa ko uba, ko filin yana jikin gidan rasuwa, a ɗaga wasan zuwa bayan sadakar uku, kuma kada a ce ƙungiyar da ba ta fito ba an cinye ta. Na ga inda aka yi haka, yaro ya bar tabarmar makokin mahaifinsa ya sa takalmi yana hawaye don kar a kori unguwarsu daga gasa. In kuwa rasuwar ta nesa ce, ko da ta basarake ce, a tsaya a tsakiyar fili a yi masa addu'a a buga wasa. Mai unguwa da liman su ne za su faɗi wannan tun ba a yi rashi ba, a ranar da ba ran kowa a ɓace, don maganar da aka yi ta kan gawa faɗa take zama.

Ranar Talata aka yi sadakar ukun dattijon, da dare kuma akwai wasan Zakarun Turai. Da na fito sallar isha'i na ga lasifikar a ƙasa, jingine da bango, an naɗe wayarta. An ci ƙwallo uku a daren, daga tabarma ba mu ji komai ba sai wani gunji-gunji kamar na tattabaru. Masu babura ne dai ba su samu saƙon ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka biyo ta ƙofar gidan su shida, suna oda.