Shin Ko Kun San? Launin Fata, Mata da Kujerar Shugabancin Amurka

Shin ko kun san cewa mace ta farko da ta fito takarar shugabancin Amurka a tsare ta yini ranar zaɓe? Victoria Woodhull ke nan, a 1872. Ana saura 'yan kwanaki a kaɗa ƙuri'a aka kama ta a New York, saboda jaridarta ta buga labarin da ke zargin wani shahararren limamin coci da neman matar wani. Ko da ba a kama ta ba, ba ta da ikon zaɓen kanta, domin doka ba ta san mace a rumfar zaɓe ba. Jam'iyyarta ta ɗora mata Frederick Douglass a matsayin mataimaki, mutumin da ya tsere daga bauta ya zama gwarzon yaƙi da ita. Ba wanda ya tuntuɓe shi, shi kuwa Shugaba Grant ya yi wa kamfe. A wannan zaɓen dai 'yar fafutukar 'yancin mata Susan B. Anthony ta je ta jefa ƙuri'a a garin Rochester, aka gurfanar da ita, alƙali ya ci ta tarar dala 100. Har ta mutu ba ta biya ko sisi ba.

Shin ko kun san kundin tsarin mulkin 1787 ya ƙirga kowane bayi biyar a matsayin mutum uku? A nan mutane da yawa ke fahimtar abin a baibai. Masu bayin ne suka nace a ƙirga bayinsu cif, ba don tausayi ba. Yawan jama'ar jiha shi ke yanke yawan kujerunta a majalisar wakilai, yawan kujerun kuma shi ke yanke yawan wakilan da za ta tura su zaɓi shugaban ƙasa. Wato bawa ba ya zaɓe, amma kansa na ƙara wa ubangidansa nauyi a siyasa. Huɗu daga cikin shugabanni biyar na farko 'yan jihar Virginia ne, dukkansu masu bayi. Jimilla shugabannin Amurka 12 ne suka mallaki bayi, 8 daga cikinsu suna kan mulki. Ita kanta Fadar White House da gumin bayi aka gina ta.

Baƙaƙen fata maza sun samu 'yancin zaɓe a 1870, mata a 1920. Shekara 50 cur a tsakani.

To amma wancan na 1870 a takarda ya tsaya, kuma nan ne labarin yake. Jihohin kudu ba su rubuta cewa baƙi ba zai yi zaɓe ba, sun fi haka wayo. Suka ƙirƙiro harajin ƙuri'a, sai ka biya kafin a yi maka rajista. Suka kawo jarrabawa: magatakarda, farar fata, zai buɗe kundin tsarin mulkin jiha ya nuna maka sashen da ya ga dama ya ce ka yi masa bayani, kuma shi kaɗai zai ce ka ci ko ka faɗi. Don kada tarkon ya kama talakawan Turawa marasa karatu, sai aka ce duk wanda kakansa ya taɓa zaɓe kafin ƙarshen bauta an ɗauke masa. Wane jikan bawa ne kakansa ya yi zaɓe? A Louisiana baƙaƙe fiye da 130,000 ke cikin rajista a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,500 ba. Wanda ya yi taurin kai kuwa, 'yan ƙungiyar wariya ta Ku Klux Klan na iya ziyartarsa da dare.

Shin ko kun san sunan Fannie Lou Hamer? 'Yar ƙodagon gonar auduga ce a Mississippi. A 1962 ta je yin rajista a garin Indianola, ta dawo gida mai gonar ya ce ko ta janye ko ta tattara kayanta. Ta tattara, bayan shekara 18 tana masa aiki. A shekara ta gaba 'yan sanda suka sa aka yi mata dukan kawo wuƙa a ɗakin tsaro, dukan da ya taɓa mata ƙoda da ido har ƙarshen rayuwarta. A 1964 ta zauna gaban kwamiti a babban taron jam'iyyar Democrat tana ba da wannan labari kai tsaye a talabijin. Shugaba Lyndon Johnson, don tsoron rasa ƙuri'un Turawan kudu, ya kira taron manema labarai na gaggawa domin kyamarori su juyo kansa. Dabarar ba ta ci ba, da yamma tashoshin suka saka jawabinta gaba ɗaya. Shi dai wannan Johnson ɗin ne ya sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe a watan Agustan 1965, watanni biyar bayan 'yan sanda sun fasa kan ɗan fafutuka John Lewis a gadar Selma. Mace baƙar fata a kudu, wadda aka ce ta samu ƙuri'a a 1920, sai a lokacin ta riƙe ta a hannu.

Su ma masu fafutikar 'yancin matan ba su tsira daga cutar wariyar ba. A gagarumin tattakin da suka yi a Washington a 1913, an nemi 'yar jarida Ida B. Wells da sauran baƙaƙen mata su koma sahun baya don kada ran matan kudu ya ɓaci. Wells ta tsaya cikin 'yan kallo, da tawagar jiharta ta Illinois ta iso sai ta kutsa tsakiya ta ci gaba da tafiya.

Shin ko kun san cin tuwon dare ya taɓa girgiza siyasar Amurka? A 1901 Shugaba Theodore Roosevelt ya gayyaci malami Booker T. Washington cin abinci tare da iyalinsa. Jaridun kudu suka yi ca, Roosevelt bai sake irin wannan gayyata ba. Abin har 'yan Afirka ya shafa. A 1957 wani gidan abinci a jihar Delaware ya hana ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo, sai da Shugaba Eisenhower ya kira shi karin kumallo a fada don wanke kunya. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa daga New York zuwa Washington domin miƙa takardunsa ga Shugaba Kennedy, ya tsaya shan kofi a Maryland aka ce ba a sayar wa irinsa.

Shirley Chisholm, 'yar Brooklyn, ita ce baƙar fata mace ta farko a majalisar dokokin tarayya, a 1968. A 1972 ta nemi tikitin Democrat. Ta sha faɗin cewa a siyasa kasancewarta mace ya fi baƙar fatarta jawo mata tsangwama. A cikin wannan takara aka harbi abokin hamayyarta George Wallace, gwamnan Alabama da ya yi suna wajen kare wariya. Chisholm ta tafi asibiti ta duba shi, magoya bayanta suka yi ta ƙorafi.

Tambayoyin da ake yi wa 'yan takara mata kuwa sai ka riƙe baki. Geraldine Ferraro, wadda ɗan takarar shugabanci Walter Mondale ya ɗauka mataimakiya a 1984, tsohuwar mai gabatar da ƙara ce kuma 'yar majalisa. Ta je Mississippi, kwamishinan noma na jihar ya tambaye ta ko ta iya gasa kek. A talabijin aka tambaye ta ko tana da zuciyar danna maɓallin nukiliya. A watan Janairun 2008 wasu samari suka miƙe a taron Hillary Clinton a New Hampshire suna ihu ta zo ta goge musu riga. Ban taɓa jin an tambayi namiji ɗan takara ko ya iya dafa shayi ba. A 1937 da cibiyar Gallup ta fara tambayar Amurkawa ko za su zaɓi mace shugaba, kashi 33 cikin ɗari ne suka amsa da e.

Shin ko kun san lokacin da iyayen Barack Obama suka yi aure a Hawaii a 1961, irin wannan aure na baƙi da fara laifi ne a jihohi da dama? Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta rushe dokar a jihohi 16 da suka rage. Da ɗansu ya fito takara, tun watan Mayun 2007 aka haɗa shi da jami'an tsaron shugabanni, da wuri fiye da yadda aka saba. Aka yaɗa hotonsa na ziyarar Wajir a Kenya, sanye da rawani da farin mayafi irin na dattawan Somaliyawa, wai hujja ce cewa Musulmi ne a ɓoye. Janar Colin Powell, ɗan Republican, shi ya ba da amsar da ta fi dacewa: Obama Kirista ne, to in ma Musulmin ne, laifi ne? Aka kuma yi ta yaɗa cewa a Kenya aka haife shi. A watan Afrilun 2011 shugaba mai ci ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Honolulu. Donald Trump, wanda ya fi kowa kaɗa wannan ganga, bai amince a fili ba sai a watan Satumban 2016.

A zaɓen 2016 Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3, amma ta faɗi a ƙuri'un wakilan zaɓe, 227 da 304. Kamala Harris, 'yar Ba'indiya da ɗan Jamaika, ta zama mataimakiyar shugaba a 2021, ta kuma tsaya takarar shugabanci a 2024. A watan Yulin 2024 Trump ya zauna gaban taron 'yan jarida baƙaƙen fata a Chicago ya ce wai daga baya ta rikiɗe ta zama baƙa, alhali a Howard ta yi digiri, jami'ar da tarihi ya sani ta baƙaƙe ce. Ta faɗi da 226, Trump na da 312. Sai dai a yi adalci, wanda ya jingina faɗuwar nan ga jinsi da launi kaɗai ya taƙaita. Tsadar rayuwa ta yi aiki, kamfen ɗinta kwana 107 ne kacal, kuma fushin yaƙin Gaza ya sa Dearborn, garin Larabawa da Musulmi a Michigan, ya juya mata baya.

Duk da haka lissafin na nan: wasu ƙasashe sun riga Amurka ɗora mace kan mulki. Sri Lanka ta yi firaminista mace tun 1960, Pakistan a 1988, Laberiya ta zaɓi Ellen Johnson Sirleaf a 2005, maƙwabciyar Amurka Mexico ta zaɓi Claudia Sheinbaum a 2024.

Shin ko kun san Kotun Ƙoli ta cire wa dokar 1965 haƙora a 2013? Da can jihohin da suka yi ƙaurin suna ba sa iya taɓa dokar zaɓensu sai gwamnatin tarayya ta amince. Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce zamani ya canza. A ranar da aka yanke hukuncin Texas ta sanar da fara aiki da dokarta ta katin shaida, wadda ta karɓi lasisin riƙe bindiga a rumfar zaɓe amma ta ƙi katin ɗalibin jami'a.