Ciwon Itaciyar Ƙarya da Maganinsa

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Maigatari a bakin iyakar Nijar, akwai wata gajeruwar itaciya mai kaurin gindi da ake kira ƙarya. Da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, sai ta yi fure ja-ja mai ban sha'awa. Amma ba safai akan ga 'ya'yanta ba. Shi ya sa ake karin magana da sunanta, a ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Wannan itaciya tana ajiye ruwa a cikin gindinta, saboda haka fari bai cika damunta ba. Babban abokin gabanta shi ne yawan ruwa. Yaron da ya dasa ta a tukunya, yana ba ta ruwa safe da yamma don ƙauna, shi ne zai kashe ta. In ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta, sai saiwoyi su ruɓe, ganye ya yi rawaya, ruɓar ta hau har gindi.

To, sai a lura. Zubar ganye lokacin hunturu ba ciwo ba ne, halinta ne. Hanyar ganewa ita ce a danna gindin da yatsa. In yana da tauri, lafiya lau take. In ya yi laushi, ko ya yi baƙi yana wari, to, ruɓa ta kama shi.

Maganin shi ne a tone ta, a yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta, har a tarar da farin jiki. Sa'an nan a ajiye ta a inuwa kamar kwana 7, wurin yankan ya bushe. Bayan haka a sake dasa ta cikin rairayi, a tukunya mai huda a ƙasa, kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe sarai.

Akwai kuma waɗansu ƙananan ƙwari farare kamar auduga masu tsotse ruwan ganye. Su ruwan sabulu ya ishe su.

Aikin yanka kuwa na manya ne, domin ƙaron ƙarya dafi ne, har maharba na dā sukan shafa shi a kibiya. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai shi ido ko baki.