Zogale, citta da habbatus sauda: me suke yi wa kajin burola a lokacin zafi?

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maraɗi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A wannan lokaci ne masu kiwon kajin burola suke tafka asara mafi yawa, domin kaza mai sati biyar ko shida takan faɗi ta mutu da tsakar rana ba tare da wata cuta ba.

Dalilin yana cikin halittar kazar. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, ba ta yin gumi, kuma an ƙirƙiri irin burola ne don saurin yin nama, wanda ke ƙara mata zafin jiki. Babbar kaza ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24. Idan zafi ya kusa digiri 30 sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci. Yawan hakin yana rikita ma'aunin sinadaran jini, sannan jini yakan koma kusa da fata, hanji ya rasa isasshe, bangonsa ya yi rauni har ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga.

A nan ne ganyaye da saiwoyi suke da amfani. Bincike a kansu ya ƙaru sosai tun bayan da Tarayyar Turai ta hana sanya maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙara girma a shekarar 2006. Garin busasshen ganyen zogale yana da furotin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ga bitamin da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Kurkum da habbatus sauda suna ɗauke da sinadaran da ke rage kumburi. Citta tana taimaka wa narkewar abinci, ita kuwa tafarnuwa tana rage yaɗuwar wasu miyagun ƙwayoyin cuta a hanji. Akwai kuma sinadarin betain da ake samu daga gwozar sukari ta Turai, wanda ke taimaka wa jiki riƙe ruwa.

Sai dai aikin duk waɗannan a cikin jikin kaza yake. Ba za su sauke zafin ɗaki ko da digiri ɗaya ba. Wanda ya cusa kaji da yawa a ƙarƙashin rufin kwano maras iska zai yi asara ko da buhu nawa na zogale ya zuba. Don haka a fara da rage cunkoso, a samar da ruwa mai sanyi a kowane lokaci, a ba da abinci da sassafe da yamma, a ɗauke shi lokacin da rana ta take. Ƙaramar na'urar auna zafi da laima, idan aka rataye ta daidai tsayin kajin, za ta nuna lokacin da ya kamata a kunna fanka mai aiki da sola.

Adadi ma yana da muhimmanci. Gwaje-gwaje da dama suna amfani da giram 5 zuwa 10 na garin citta, kurkum ko habbatus sauda a kowane kilo na abinci. Zogale idan ya yi yawa yakan rage girman kaza saboda yawan zare da ɗaci. A shanya ganyen a inuwa, a tabbatar ya bushe ƙarau, domin gari mai danshi yana yin fumfuna, kuma gubar fumfuna tana lalata hantar kaza.

Hanya mafi sauƙi ta sanin ko kuɗinka yana dawowa ita ce gwaji. Raba kajinka gida biyu, ka ba rukuni ɗaya ƙarin, ɗayan ka bar shi a abincin da ya saba. Kowane mako ka auna kaji goma daga kowane rukuni da sikelin dijital, ka rubuta nauyinsu, abincin da suka ci da adadin waɗanda suka mutu, a littafi ko a wayarka. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa lokaci guda, kira likitan dabbobi nan take, saboda murar tsuntsaye ma tana kashe kaji farat ɗaya.