Kafin ka haƙa harsashi, tambayi abin da ke ƙarƙashin filin

Da ƙasar Kano aka gina Kano. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda Ƙofar Mazugal ke cikin tsofaffin ƙofofinta, da soraye da katangun tubali na unguwannin Dala, duk daga ramukan da aka haƙa nan kusa aka ɗebo ƙasarsu. Waɗannan ramuka su ne kududdufai. Da damina su ke shanye ruwan unguwa, abin da ya yi saura ya gangara rafin Jakara.

Yau da yawansu sun ɓace. An yi ta zuba musu shara shekara da shekaru, daga baya aka kawo jar ƙasa tifa kaɗan aka baje, aka yanka fuloti. Mai saye ya zo da rani, ya tarar da fili a shafe ƙayau, ya biya.

To ciko ba ƙasa ba ne. Toka da leda da tsumma da bola ne suka hau kan juna, suna ruɓewa suna lotsawa a hankali, kuma ba sa lotsawa daidai wa daida. Wani ɓangaren gida ya nutse, wani ya tsaya. Alamar farko tsaga ce da ke tashi a karkace daga kusurwar taga, sai ƙofa ta fara cijewa, sai daɓe ya rabu da bango har yatsa ya shiga. Mai gida ya kira birkila ya shafe da siminti, baɗi ta sake buɗewa. Gidan ƙasa na da ba shi da nauyin da zai dami ciko sosai. Amma yanzu rushe shi ake yi a ɗora bene hawa uku na shaguna, bulo da rodi da kankare, a kan ramin da bai taɓa ɗaukar irin wannan nauyi ba.

Shi kuwa ruwa ba ya sauya hanya don an sayar da filin. Wanda ya ga yadda ambaliya ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta lalata dukiyar 'yan kasuwa ya san abin da toshe magudana ke jawowa. A ƙarƙashin ƙasa ma haka ne: tsohon kududdufi yana tara ruwa ko an rufe bakinsa, danshi ya hau bango, fenti ya kumbura, gishiri ya fito fari fat yana cin shafe.

Binciken farko kyauta ne. Je wurin mai unguwa da tsofaffin layin ka ce, "Baba, da can me ke nan wurin?" Kada ka tsaya kan maganar dillali, shi la'adarsa yake nema. Leƙa rijiyar maƙwabta cikin Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa, ka ga igiyar guga gaba nawa take ci. Sannan a haƙa ramin gwaji, kamar mita 2, a bar shi ya kwana. In an wayi gari ruwa ya taru, ko ƙasar da aka fitar baƙa ce mai wari da guntayen leda, a dakata. Mai niyyar bene kuwa sai ya nemi injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya ɗebi ƙasar a gwada, shi zai faɗa ko a haƙa har a taɓa marmara, ko a shimfiɗa kankare guda a ƙarƙashin ginin duka. Kuɗin gwajin bai kama ƙafar kuɗin rodin hawa ɗaya ba. Takardar izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA ma a karɓa kafin a zuba harsashi.

Akwai batun salga. Jami'an lafiya suna son a sami tazarar kamar mita 30 tsakaninta da rijiya, abin da gidajen cikin birni ba sa iya bayarwa, don salgar maƙwabcinka tana bayan katangarka. Inda ruwa ke kusa, ƙazanta na ratsawa, amai da gudawa ya biyo baya. Mai haƙa burtsatse ya tabbatar an toshe gefen bututun da siminti daga sama.

In katangar maƙwabci ta ƙasa ce, kada a haƙa dogon rami a gindinta gaba ɗaya a bar shi buɗe cikin damina. A yi ta taƙi-taƙi, ana haƙawa ana zubawa, kuma a sanar da mutanen gidan su janye shimfiɗar yara daga jikin bangon har a gama.