Shatar Tasi a Kano: Yi Ciniki Kafin Ka Shiga

Ɗan'uwa, in ka sauke kayanka a Kano kana son zaga gari, ɗauki shatar tasi daga tasha, inda 'yan ƙungiya suka san direban. Ku yanke magana tun farko: awa nawa, wa zai sayi mai, naira ce ko sefa. Kar ka biya duka sai an dawo.

Fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Daga nan sai karofin Ƙofar Mata, Gidan Makama, da Kasuwar Kurmi wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499).

In direba ya nace kan shago ɗaya, wataƙila la'ada yake ci. Taya a gaba tukuna. Allah ya kiyaye hanya.